Jere a Gidan Sistoci

Duk wanda ya ce Atine ta yi wauta ran nan, to ya haɗa da ni, don ni ce na kira mai mota. Kuma har gobe ban ga wautar ba.

Sunana Hasiya, tela ce ni a Rikkos. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Atine tun yaranmu suna rarrafe. Ita 'yar Katolika ce, ni Musulma. Da Salla ta ci masa a gidana, da Kirsimeti in ci shinkafarta, kazar ma ƙanena Datti take kira ya yanka mata don kada in sami abin faɗa. Lokacin da gari ya rikice, mutane suna ta kwashe kaya suna sake unguwa, an yi an yi da ita ta koma Kabong cikin danginta, ta ce ba inda za ta. Ni ma na ce ta yi zamanta, in ta tafi da wa zan riƙa gardama? Dankalin turawa da kabeji take sayarwa a kasuwar Terminus, da su ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. 'Ya'yanta maza suna can garin Lafiya suna neman nasu. Mace ɗaya gare ta, Loyis, ita ce kuma auta.

A shagona Loyis ta yi wayo, tare da 'yata Amatullahi. Kada ku ɗauka irin yaran nan ne masu sunkuyar da kai kamar an yi musu mutuwa. Ina! Yarinya ce mai dariya har a ji ta a titi, ga son kwalliya, ga son tsire. In na yi mata ɗinki sai ta dawo da shi wai hannun bai tashi ba. Da ta gama karatu ta sami koyarwa a wata firamare a Kabong. Saurayi kuma ga shi nan, Emenike, mai sayar da kayan gyaran babur, yaro mai hankali da ladabi. Har wandon da bai yage ba yake kawo mini gyara don dai ya same ta a shago. Ni har na fara duba atamfar da za mu fitar anko.

Wata rana da damina, ana irin ruwan nan na Jos mai shiga ƙashi, ta shigo shago ta ɗauki dutsen guga ta kama goge kayan mutane ba wanda ya sa ta. Na san da magana.

"Inna Hasiya," ta ce, "yaya mutum yake gane abin da Allah yake so da shi?"

Na ce, "Emenike ne?"

"Shi ne, kuma ba shi ba ne."

Sai ta ba ni labari. Ashe duk Asabar gidan Sistoci take zuwa, can bayan gari, inda suke riƙe da tsofaffin da ba su da kowa, suna kuma koyar da yara. Da farko rakiya ta yi wa wata. Daga baya ta koma zuwa da kanta, tana yi wa tsofaffi wanka, tana yanke musu farce, in lokacin addu'a ya yi ta bi Sistocin ta zauna a baya.

"Ban ji wata murya ba, Inna, ban kuma yi mafarki ba. Kawai in ina can hankalina kwance yake. In na fito sai in ji kamar na manta wani abu a ciki."

Na dakatar da keken ɗinki na ce, "Tabɗi! Ke kin san abin da kike faɗa kuwa? Ba aure fa ke nan, ba haihuwa. Kuma riga ɗaya za ki yi ta sawa, ke da hannun riga yake hana ki barci."

Ta yi dariya har ta kusa ƙona wa wata gyale. Amma idonta ya cika da hawaye. Gaskiya abin bai yi mini daɗi ba, don mu a wurinmu mace da ɗakinta aka san ta. Sai dai yarinyar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na ce mata, "Mu in abu ya shige mana duhu, istihara muke yi, mu roƙi Allah ya zaɓa mana. Ke ma je ki roƙa ta hanyarku. Amma kada ki yi gaggawa."

Ta ce ai Sista Bisola, shugabar gidan, abin da ta faɗa mata ke nan. Wai har ta kore ta, ta ce ta koma ta ci gaba da aikinta, ta je biki ta yi rawa, ta zauna da saurayinta su yi hira sosai, in bayan duk wannan abin bai sake ta ba, to ta dawo. Na ce wannan Sistar da hankalinta.

Haka kuwa aka yi. Damina ta wuce, wata ta zagayo, abin bai sake ta ba. Ta kira Emenike ta faɗa masa gaskiya. Ya ji ciwo, ba shakka, ya daina kawo mini wanduna. Amma namiji ne, bai ɓata ta a gari ba. Daga baya ya auri wata Favour, ni na ɗinka ankon, Loyis kuwa ta fi kowa rawa a wurin bikin.

Saura Atine.

Ba wai ta ƙi addininta ba ne. Matar da take gaba-gaba a zumuntar mata, in ta ga Sista a kasuwa har gyara take ƙara mata? Amma da Loyis ta faɗa mata, sai ta shige ɗaki. Ta ƙi fita kasuwa. Na leƙa ta katanga na ce, "Maman Loyis, dankalinki zai tsiro fa." Na zagaya na shiga. Ta kama hannuna ta kai ni ƙuryar ɗaki ta yaye wani tsohon zane.

Kai! Ni da nake maƙwabciyarta ban san abin ya kai haka ba. Tukwane jere tun daga ta shayi har wadda za a dafa wa masu biki. Kuloli, tasoshi, faranti na tangaran a kwalinsu, cokula, kofuna, zannuwan gado, labule, turmi da taɓarya, katifa a ledarta. Tun Loyis tana firamare, duk ranar da kasuwa ta yi kyau sai ta sayi abu guda ta ɓoye.

"Maman Amatullahi," ta ce, "wa zan ba?"

Ina cikin duba kayan muka ji motsi a ƙofa.

Loyis ta shigo ta durƙusa. Ta ce, "Mama, in ba ki sa mini albarka ba, ba zan shiga ba. Ba wasa nake ba. In kin ce in zauna, zan zauna."

Atine ta mayar da zanen ta rufe kayan. Can ta ce, "Na yarda. Amma 'yata ba za ta fita daga gidana kamar wadda aka kora ba. Da kayanta za ta fita, kamar kowace 'ya mai uwa."

"Mama, akwati ɗaya suka ce."

Nan fa na tsoma baki. Na ce, "Haba Loyis! Ke yarinya ce. Wane gida ne zai buɗe baki ya ce a kawo masa kaya? Da na aurar da Amatullahi, dangin mijinta cewa suka yi kada mu wahalar da kanmu, komai akwai. Da mun biye musu mun je hannu rabbana, da har yau ana yi da mu. Kawaici ne, kowa yana yi."

Ta ce, "Inna, su fa da gaske suke." Ta faɗa, ta sake faɗa. Muka ce mata to, mun ji. Da ta fita na dubi Atine, ita ma ta dube ni, muka gama shawara ba wadda ta ce uffan.

A al'adarmu, kafin a kai yarinya gidan da za ta zauna, mata sukan riga ta zuwa su yi jere: su share ɗaki, su kafa gado, su rataya labule, su shirya kwanuka, ta zo ta tarar da komai tsaf. Ranar da za a karɓi Loyis, da yamma aka ce ta je. Da safe ta tafi coci, daga can ta wuce makarantarsu yin sallama da yara. Tana fita na kira Datti ya kawo a-kori-kurarsa. Muka loda kaya har sai da ya ɗaure da igiya yana mita wai tayarsa. Matan zumunta kaɗan suka bi mu a keke mai ƙafa uku, kowacce da ɗaurin kanta ya tashi. Ni da Atine muna gaba, ta rungume kwalin tangaran a cinya don kada ya fashe. Rabon da in ga fuskarta da haske haka tun kafin maganar nan ta taso.

Gidan yana can tsakanin duwatsu, an kewaye shi da shingen kyarana. Mai gadi yana buɗe ƙofa na rangaɗa guɗa. Matan zumunta suka kama waƙa. Wani tsoho da ke shan hantsi a baranda ya ɗaga sandarsa yana taya mu.

Sai ga Sista Bisola ta fito tana goge hannu a jikin riga. Bayarabiya ce, 'yar gajera mai tabarau, ta daɗe a Jos har Hausa ta zauna a bakinta. Ta dubi motar tun daga taya har turmin da ke can sama. Ta ce, "Sannunku da zuwa, Mama. Wa yake ƙaura?"

Na ce, "Jere muka zo. A nuna mana ɗakin Loyis."

Ba ta yi gardama ba. Ta ce mu biyo ta. Ta buɗe wata ƙofa, muka leƙa. Jama'a, shagona ya fi ɗakin nan girma! Gadon ƙarfe nan, gadon ƙarfe can, da ɗan kabad, da gicciye a bango. Wata yarinya mai suna Yael, wadda ita ma ba ta daɗe da shiga ba, ta miƙe daga kan gado ɗaya ta gaishe mu. Sista ta ce tare za su zauna.

"Mama," ta ce wa Atine a hankali, "a gidan nan ba wadda take da abin kanta. Ko agogon nan da ke hannuna ba nawa ba ne, na gida ne. Abin da muka yi wa Allah alkawari ke nan. Akwati ɗaya da muka ce, ba kunya muke ji ba."

Atine ta sake duban ɗakin. Ta juya ta fita, muka bi ta. Datti ya riga ya fara kwance igiya.

"Datti, mayar da igiyarka," ta ce. "Gidan da bai karɓi kayan 'yata ba, ba zai karɓi 'yata ba."

Waƙa ta mutu. Matan zumunta suka koma gefe suna gyara ɗauri. Ashe wata a cikinsu ta kira Loyis a waya tun muna hanya, don ba a jima ba sai ga keke ya tsaya a bakin ƙofa. Loyis ta sauko da ɗan akwatinta, ba janbaki, ba ɗan kunne. Ta dubi mota, ta dube ni. Ni kuwa na kafe ta da ido, don ban ga abin da na yi ba. Ta tambayi uwarta abin da ya faru, Atine ta maimaita mata abin da ta faɗa.

Na ɗauka za ta yi roƙo, ko ta yi kuka ta ce ai ta faɗa mana. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗaga akwatin ta ɗora a bayan motar Datti, kusa da katifa.

"Na ce miki sai da albarkarki, Mama," ta ce. "Mu tafi gida."

Hawaye yana zuba a fuskarta amma ta tsaya kyam. Wallahi tausayinta ya kama ni, sai kuma raina ya ɓaci da kowa. Na juya kan Sista Bisola na ce, "Ke Sista, tsakani da Allah, ku ba ku da iyaye ne? Matar nan a cikin sanyin Terminus ta tara kayan nan tukunya-tukunya. Ku ɗauke mata 'ya, ku kuma ce ta koma da kayanta unguwa, kowa yana kallo? Ku ba ku san abin kunya ba?"

Maimakon ta yi fushi sai ta yi murmushi. Ta ce, "Mama, ni ma uwata da doya cike da mota ta raka ni. Na san abin." Ta yi ɗan tunani. "Katifa da labule da madubi kam ba inda za mu sa su. Amma ku zo ku ga wani abu."

Kicin ta kai mu. Ga faɗi, ga tsabta, amma tukwanen! Duk sun lotse, wata an ɗaure hannunta da waya, wata murfin faranti aka yi mata. A cikinsu ake dafa wa tsofaffin nan da yaran makaranta da Sistocin kansu. Ana dama gwate a wata da ko ni ba zan jiƙa wanki a ciki ba.

"In kyauta ce ga gida," Sista ta ce, "mun karɓa hannu biyu-biyu, mun gode. Amma ba za su zama na Loyis ba. Na kowa ne. Wadda ta zo bayanta ma za ta yi girki da su."

Atine ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni na ga ƙofa ta ɗan buɗu, ban jira ba, na ce wa Datti ya sauko da tukwane da sauran kayan kicin a gani dai. Ya sauko da su ya jera a bakin kicin. Yael ta ɗauki babbar tana yaba nauyinta, ta kifa ta, sai ta yi turus.

A gindin tukunyar an rubuta LOYIS da jan farce, manya-manyan baƙaƙe. Haka matan unguwarmu suke yi, don in an yi aron kaya wurin biki ko rasuwa kowa ya gane nasa. Yael ta kifa ta biyu, haka. Kula, haka. Faranti, haka. Har bayan cokula, ɗaya bayan ɗaya, Atine ta bi ta rubuta sunan 'yarta. Wasu rubutun ya dushe don daɗewa, wasu kuwa jajir kamar jiya.

Sista Bisola ta gyara tabarau. Ta ce, "Ba komai, Mama. A bar shi. Da wanki zai goge da kansa."

Atine ta tsaya tana kallon sunan. Ta ɗaga kai ta dubi Loyis, wadda har yanzu tana can jikin mota, hannunta a kan akwati. Ta sake duban tukunyar da ake dama gwate. Sai ta kwance gyalenta ta ɗaura a ƙugu, ta zauna dirshan a kan siminti, ta ja babbar tukunyar tsakanin ƙafafunta kamar za ta fere dankali.

"A ba ni wuƙa," ta ce.

Yael ta miƙa mata. Ta fara kankare sunan. Ƙarar wuƙa a jikin ƙarfe kawai kake ji. Loyis ta taho da gudu ta durƙusa, ta ce, "Mama, Sista ta ce a bari. Ko ki kawo in yi."

"Matsa. Ni na rubuta, ni zan goge."

Na zauna kusa da ita ina miƙa mata. In ta gama ɗaya ta hure garin jan farcen, ta goge da bakin zane, ta miƙa wa Yael ta kai ciki. Tun tana yi da hawaye har ta koma yi da surutu. Wannan tukunyar, in ji ta, shekarar da kabeji ya yi tsada ta saye ta. Waccan kular kuwa sai da suka kusa dambe da mai shago. Matan zumunta suka matso, suka kama wanke waɗanda aka gama, waƙarsu ta dawo a hankali. Sista ta sa aka kawo mana gwate da zafinsa, a cikin sababbin tasoshin. Na tambaya ko da nama a ciki, ta ce ganye ne zalla da acca, na sha na ƙara, don gaskiya Sistocin nan sun iya gwate.

Rana ta karkata kafin a zo kan cokali na ƙarshe. Atine ta kankare shi, ta juya shi ta duba, ta ajiye. Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, yatsunta duk sun yi ja. Loyis tana durƙushe a gabanta. Ta ɗora mata hannu a ka, ta yi mata addu'a da yarensu, doguwa, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na yi ta cewa amin. Sannan ta kama hannun yarinyar ta sa a cikin na Sista Bisola.

"Sista, na goge sunanta. Kayan nan yanzu na kowa ne." Ta dubi Loyis. "Ita ma ga ta nan."

Ta juya wajen mota ta ɗaga murya yadda take kiran masu dako a kasuwa.

"Datti! Sauko da akwatin nan."